Rahoton ayyukan shekara zuwa ga yan kungiya: abinda mukayi kan tarihin unguwanni da tsoffin gine-ginen Jos

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya dade shugaba, iyayenmu na kwamitin dattawa, iyayenmu mata, da sauran yan uwa na gida da wadanda neman abinci ya kai Abuja da Kaduna. Ga rahoton abinda Allah ya bamu iko mukayi a wannan shekara, na sa shi a guruf tun kafin ranar mitin saboda kowa ya karanta a tsanake, kar azo ranar ace ba'a gani ba. Maganar kudi bata ciki, ma'aji zai karanta nasa da rasit dinsa a gaban kowa.

Aikin farko shine kai yara gidan tarihi, yan sakandare da yan Islamiyya na unguwanninmu, kuma abin mamaki da yawansu haifaffun Jos ne amma iyakarsu gidan zu ranar sallah, basu taba leka gidan tarihin dake makwabtaka dashi ba. An nuna musu cewa wani bature Bernard Fagg ne ya kafa shi a 1952, sun ga kawunan yumbu na Nok, sunan kauyen da aka fara tono su, wadanda masu hakar kuza ne suka fara cin karo dasu a 1928, sun ga tsoffin kawunan jirgin kasa da aka ajiye a fili, nan ne ma mukasha wahalar tattara su don kowa so yake a dauke shi hoto a jiki.

Inda muka dade shine bangaren gine-ginen gargajiya wanda ake kira MOTNA, aikin wani masanin gini dan kasar Polan mai suna Dmochowski da ya zaga kasar nan yana auna gine-ginen kasa yana zana su. A nan akwai kwatankwacin ganuwar Kano da fadar Katsina da masallacin Juma'a na Zariya, wanda asalinsa Babban Gwani Mika'ilu ya gina a wajen shekarun 1830. Baba magini, dattijon kungiya da ya yi ginin kasa tun yana saurayi, shi ya karbi bayani a cikin masallacin, ya nuna musu yadda ake curin tubali a shanya, yadda ake jera azara tana hawa kan yar uwarta har a samu bakan gizo, yadda bakan suke haduwa a sama su bada daurin guga ba karfe ba siminti, da amfanin makuba a jikin bango da indararo da zankwaye. Wallahi ranar na ga yara sunyi tsit, har wani yaro ya tambaya wai da gaske babu rodi a ciki. Duk wanda ya san ruwan saman Jos ya san rike ginin kasa a nan sai da yabe akai akai, don haka masu kula da wajen sai dai muce Allah ya kara musu karfi.

Toh a hanyar dawowa ne shugaba ya fadi maganar da ta canza mana tsarin shekara gaba daya. Yace Kano da Zariya da Katsina duk ga kwafin gininsu an ajiye a Jos, amma gidajen Jos din kanta na zamanin kuza, wanda kakanninmu suka gina a Gangare da Dilimi da layukan masallacin Juma'a, kullum rushe su akeyi ana dora filaza, babu hoto babu awo. Kwamiti ya zauna ya yarda cewa a rage yawon ziyara a koma cikin unguwa, kuma ni a ganina wannan ne abu mafi amfani da mukayi tunda aka kafa kungiyar nan.

Mun fara da tattaki daga Taminus dake tsakiyar Jos, saboda daga nan labarin yake daukar hanya. Sunan ma daga tashar jirgin kasa ya samo, nan ne karshen layi. Kafin jirgi a ka ake daukar kuza a kafa har Loko bakin kogin Binuwai, sai aka shimfida karamin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, daga baya babban layi ta Kafanchan ya iso a 1927, karamin kuma aka rufe shi a 1957. Ita kanta kuzar ba turawa suka fara gano ta ba, makeran Riruwai sun dade suna narka ta suna kaiwa kasuwanni, sawunta turawa suka biyo har suka kafa sansani a Naraguta, sannan a 1915 aka tsara Jos a matsayin gari, bangaren turawa daban can kan tudu, bangaren yan kasa daban. Mun tsaya gaban babbar kasuwa wadda aka bude a 1985 ta kone a watan Fabrairu 2002. Manyan cikinmu da suka yi kasuwanci a ciki sun kwatanta wa matasa yadda hawa hawanta suke da yadda mutum zai shiga ya bata, matasan kuwa kango kawai suka sani. Ban so in tsawaita a nan, kowa yasan abinda ke ransa game da kasuwar nan.

Daga nan kwamitin matasa suka shiga gida gida da waya suna daukar muryar dattawa, kwamitin mata kuma suka dauki bangaren tsoffin mata saboda su ne zasu iya shiga har cikin daki, kuma gaskiya rikodin din mata yafi namu dadin ji, su suke tuna wane gida ne ya fara samun famfo, ina rijiyar unguwa take, wane zaure ake karatun allo, wa ya auri yar wa. Abinda ya fito fili shine sunayen unguwanni da mazabu kansu tarihi ne. Ali Kazaure, Ibrahim Katsina, Garba Daho, Abba Na Shehu, Sarkin Arab, duk sunayen mutane ne kuma wasu da ka ji kasan daga ina mai sunan ya fito, ga Vanderpuye wanda sunan mutanen Gana ne, ga Jos Jarawa da Naraguta masu dauke da sunan kabilun Afizere (wato Jarawa) da Anaguta. Kuza ta tara kowa da kowa a garin nan, Yarbawa da Ibo da Nufawa da Barebari da Urhobo, kuma hakan yana nan a jikin gidajen idan mutum ya lura.

Ginin tsohon gidan Bahaushe a Jos ba irin na Kano bane sak. Zaure yana nan, tsakar gida tana nan, shigifa tana nan, amma soron kasa bai cika yawa ba saboda ruwa, sai kaga bangon kasa mai kauri an dora masa kwano, gindin an daure shi da dutse tunda dutse kam Allah ya hore mana, tagogi kanana na katako saboda sanyi. Wasu kwanukan tun na zamanin turawa ne, sunyi tsatsa sunyi ja amma kaurinsu ya fi na yanzu nesa ba kusa ba. Mun dauki hotunan kofofi da dakali da rubutun shekara da wasu masu gida suka sa a saman kofa, wani dan kungiya mai karatun zanen gini a jami'a ya auna wasu da tef ya zana su a kwamfuta, Allah ya saka masa da alheri don ko kudin mota bai karba ba.

Fita wajen gari guda mukayi, zuwa Bukuru da Rayfield, don ganin kududdufan da hakar kuza ta bari da gidajen turawan kamfani masu murhu a falo da bututun hayaki a saman rufi, abinda ba kasafai zaka gani a Arewa ba sai a nan. An yi bayanin wutar lantarki ta kamfanin NESCO da take fitowa daga ruwan Kurra tun zamanin kamfanonin kuza, da aikin tilas da aka sa mutane a ma'adinai tsakanin 1942 da 1944 lokacin yakin duniya na biyu, wanda dattawa biyu daga cikinmu sukace iyayensu ta haka suka zo Filato, da faduwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 wanda ya karasa harkar manyan kamfanoni. A hanya mun tsaya wani kauyen Birom aka karbe mu hannu biyu aka nuna mana shingen kerana da rumbunan acca, yaran da muka tafi dasu basu taba gani ba.

Abinda bai yiwu ba shima dole a fada. Taswirar unguwanni da muka yi alkawari ba'a gama ba, karamin littafin ma yana nan a rubuce rabi. Wasu magidanta sun hana daukar hoto saboda suna zaton maganar haraji ce ko rigimar gado, wani gida mai zaure biyu kuma da muka sa ranar aunawa, kafin ranar magada sun sayar an kawo katafila, ko kofar bamu samu ba. Sannan tun rikicin 2001 akwai unguwannin da mutum baya shiga kai tsaye sai da wanda zai masa jagora, wannan ya takaita mu a bangare daya na gari, alhali tsoffin coci-coci da makarantun mishan da gidajen Yarbawa na Nasarawa duk cikin tarihin Jos suke. Shugaba ya fara magana da wasu dattawan can kuma sun nuna sha'awa.

Shekara mai zuwa in sha Allahu za'a karasa taswirar, a shiga Angwan Rogo da Rikkos da Tudun Wada, a juye duk muryoyin da aka dauka zuwa rubutu kafin wayar wani ta lalace mu yi asara, wannan muna neman mutum hudu masu saurin rubutu a waya. Masu bashin kudin wata dan Allah a ga ma'aji kafin ranar mitin. Duk wanda yake da tsohon hoto a gida, na biki ne ko na makaranta ko na gaban shago, in dai gini ya fito a baya, ya zo dashi ranar, a wajen za'a dauka da na'ura a mayar masa da abinsa a hannu, ba za'a kwana dashi ba. Wanda kuma ya ji ana cinikin wani tsohon gida a layinsu ya sa a guruf nan take.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.