Mai Son Tara Kayan Tarihin Ƙwallo, Ya Fara Da Hujja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida don jan hankalin matasan da suka fara tara jesi, tikiti da sitikar 'yan ƙwallo. Da yawa suna zuba kuɗi ba tare da sanin abin da ke ba waɗannan kaya daraja ba.

A watan Mayun 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da jesin da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986 a kan fam miliyan 7.1. Abin da ya kai ta wannan farashi shi ne an san hannun da ta bi: ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya karɓe ta daga Maradona bayan an tashi wasa, sannan ƙwararru suka gwada ta da hotunan wasan kafin a sa ta a gwanjo. Don haka duk abin da ka saya, ka ajiye rasit, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta a littafi ranar saye da wurin wanda ka saya.

Kada ka ce komai za ka tara, aljihu ba zai ɗauka ba. Zaɓi ƙungiya ɗaya, ko gasa ɗaya, ko shekaru goma kacal. Sitikar kamfanin Panini, wato hotunan 'yan wasa da ake mannawa a kundi, ita ce mafi sauƙin farawa. Tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko kamfanin ke fitar da kundinta, kuma musayar waɗanda suka maimaitu da abokai ta fi sayen sabon ƙunshi kullum arha.

Jesi kuwa iri uku ce, kuma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Akwai ta 'yan kallo da ake sayarwa a kanti, akwai irin wadda ake ɗinka wa 'yan wasa, mara nauyi mai kama jiki, sai wadda ɗan wasa ya buga wasa da ita, wadda ita ce mai tsada. Kafin ka biya, juya rigar ka nemi ƙaramar takardar da ke maƙale a ciki. Nike da Adidas suna buga lambar samfuri a kanta. Sa lambar a intanet. Idan hoton wata riga dabam ko takalmi ya fito, jabu ce. Duba ɗinkin tambari ta baya: na jabu zarensa a cukurkuɗe yake. Sa hannun ɗan wasa ma ana yin jabunsa. Takardar shaida kowa na iya bugawa, hoton lokacin da yake sa hannun ya fi ta ƙarfi.

Mummunar ajiya ta fi jabu cinye kaya. Hasken rana na kashe launi, ya dushe tawadar sa hannu, don haka kada a rataye firam yana fuskantar taga, kuma kada yadi ya taɓa gilashi. Danshi na kawo fumfuna. A nemi ɗaki mai laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, a jefa ƙananan buhunan silika masu tsotse danshi a akwati. In za a naɗe jesi, a sa farar takarda marar asid tsakanin lambar baya da sauran yadin, in ba haka ba zafi zai narkar da robar ta manne. Wanki sai da ruwan sanyi, a juye, da hannu, ba dutsen guga a kan lamba. Wadda aka sa wa hannu ko aka buga wasa da ita ba a wanke ta sam. Tabon ciyawar nan shi ne shaidarta.

Tikiti kada a yi masa laminatin. Yawancin na zamani a takarda mai jin zafi ake buga su, injin zai mayar da su baƙi ƙirin cikin daƙiƙa. A sa su a ledar da aka yi da robar folifirofilin, a guji ta robar PVC mai fitar da maiƙo. Littattafan shirin wasa, wato ƙananan mujallun da ake sayarwa a filin wasa ranar wasa, su kuma a kwantar da su, a riƙa duba fil ɗin tsakiya saboda tsatsa.

Wassalam,
Wani mai karanta wannan jarida