Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya kai mu Baƙin Daji

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na kawo wannan magana bainar jama'a ne saboda na bi hanyar sirri ba ta ɓulle ba. Na aika saƙon imel, na buga lambar da ke jikin tallarku, na yi magana da jagoran da ya raka mu. Amsar kullum ɗaya ce: a yi haƙuri, za a duba. Har yau shiru kake ji. Ban rubuta sunan kamfaninku ba don ba tozarta ku nake nema ba. Kun san da ku nake, waɗanda muka cika motar tare su ma sun sani.

Maganar tafiyar ƙarshen mako ce da kuka shirya a watan Oktoba daga Frankfurt zuwa Baƙin Daji, wato tsaunukan Schwarzwald na jihar Baden-Württemberg a Jamus. Kafin na shiga ƙorafi ina so ku san su wa kuka ɗauka. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, aikin da ba ya sanin Asabar balle Lahadi, sai da na yi musayar aiki da abokiyar aikina kafin na samu kwanakin. A cikin motar akwai masu aikin ɗaukar kaya a rumbun ajiya, akwai ɗalibai, akwai mai jego da mahaifiyarta da ta zo daga Kano don ta kula da ita. Mutane ne da ke fita da duhu su dawo da duhu, tsakanin gida da jirgin ƙasa da wurin aiki. Idan irinmu ya ware kuɗi da kwana biyu don ya je ya shaƙi iskar daji, ya daɗe yana tanadinsu. Kuma ba don kun fi kowa araha muka zaɓe ku ba. Tallarku ta shigo zaurenmu na WhatsApp da muryar Hausa, kuka ce kun san buƙatunmu domin ku ma namu ne. Wannan kalma muka saya.

Abin da ke rubuce a takardar tallar, wadda har yanzu tana cikin wayata, shi ne: tattaki a kan hanyar Lotharpfad, yini a garin Gengenbach, kallon magangarar ruwa ta Triberg, kwana a kusa da tafkin Titisee, sannan hawan dutsen Feldberg ranar Lahadi. Ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa abinci duka halal ne, kuma za a tsaya don salla.

Tun a tasha al'amari ya fara karkacewa. An ce mu hallara da asuba, muka hallara, mota ba ta tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi, wai ana jiran wasu da suka biya a makare. Kamfanin da ke harkar safara a Turai ya san dokar direbobi: bayan awa huɗu da rabi na tuƙi dole direba ya huta minti 45, kuma akwai iyakar awoyin da zai yi a rana. Na'urar da ke cikin motar tana rubuta komai, ba ta jin lallashi. Don haka duk lokacin da aka ɓata da safe, daga cikin rabonmu aka cire shi. Farkon abin da aka yanke shi ne Lotharpfad. Mun bi ta hanyar B500, muka wuce ta gefen wurin, jagora ya nuna da yatsa ta taga. Wurin nan fa shi ne inda guguwar Lothar ta kwantar da itatuwa ranar 26 ga Disamba 1999, hukuma ta bar su yadda suka faɗi don mutane su ga yadda daji ke farfaɗowa da kansa, aka yi gadoji da matakalai na katako a kan kututturan. Yana cikin gandun dajin ƙasa da aka kafa a 2014. Duk tsawon hanyar bai kai kilomita ɗaya ba. Ɗana ya karanta labarin guguwar a makaranta, shi ya matsa mini mu zo. Abin da ya samu shi ne allon sunan wurin yana wucewa.

A Gengenbach, garin da kuka ce za mu yini, an ba mu lokacin da ya isa bin layin bayan gida kawai. Na hango gidajen nan masu ginshiƙan katako da furanni a tagoginsu, na hango dandalin da gidan hukumar gari yake, aka fara danna mana ƙaho. Amma da muka iso kantin agogunan katako masu kukan tsuntsu a hanyar Triberg, sai gaggawa ta ƙare. Nan aka bar mu har muka gaji da tsayuwa, jagora yana gefen mai karɓar kuɗi yana rubuta wani abu a takarda duk lokacin da ɗayanmu ya sayi kaya. Ina tambayarku kai tsaye: akwai kason da kantin ke ba ku? Idan akwai, ba laifi ba ne ku faɗa tun farko. Laifin shi ne a ɗauke mana daji da gari a musanya mana da kanti.

Triberg kuwa mun isa rana ta faɗi. Ruwan kogin Gutach yana gangarowa ne hawa bakwai, tsayin mita 163, kuma daɗin wurin shi ne mutum ya bi hanyar da ke gefen ruwan yana hawa a hankali. Mu hawa na ƙasa kaɗai muka gani da hasken fitila.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni barci shi ne abincin dare.

Wanda ya zauna a Jamus ko na ɗan lokaci ya san cewa abu biyu suka yi suna a abincin wannan yanki. Ɗaya naman alade ne da ake kyafewa a yanka shi fale-fale, ɗayan kuma kek ɗin ceri ne da ake zuba masa barasar ceri. Ba a ɓoye suke ba, su ne abin alfaharin mutanen wurin, kuma haƙƙinsu ne. Aikinku shi ne ku kira masauki tun kafin mu zo ku ce ga baƙi Musulmi, a yi musu kifi ko ganye. A yankin da ake kiwon kifin ruwan sanyi, wannan ba wahala ba ce. Ba ku kira ba. Matar da ke da masaukin da bakinta ta gaya mini cewa abin da aka sanar da ita kawai shi ne yawan mutane. Aka jera faranti a kan tebur, yara da suka wuni da yunwa suka kai hannu kafin manya su duba. Wata yarinya ta riga ta cinye yanka biyu na naman kafin uwarta ta gane. Da aka kawo kek, jagoranku ya ce a ci, ba komai a ciki. Hajiyar nan da ta zo jego, wadda ba ta jin Jamusanci ko kalma ɗaya, ta kai cokali na biyu baki ke nan sai wata ma'aikaciyar wurin ta lura da lulluɓinta, ta rugo tana girgiza hannu. Na ga yadda tsohuwar nan ta tofar da abin a cikin tsumman takarda, hannunta na rawa, tana ta istigfari. Ta tashi ta je ta kurkure baki, ta dawo ta zauna, ba ta ƙara taɓa komai ba har gari ya waye. Mun yi ta gaya mata cewa wanda bai sani ba babu laifi a kansa. Ta san da haka, ta fi mu sani. Amma mace ce da ta haura saba'in barasa ba ta taɓa harshenta ba, sai a teburin da ɗan'uwanta Musulmi ya ce mata ta ci da kwanciyar hankali. Baturiyar da ba addininta ba ne ta kare ta, wanda aka biya don ya kare ta yana can yana danna waya.

Washegari Lahadi ce, kuma kowa ya san manyan kantunan abinci a Jamus rufe suke ranar Lahadi. A bakin tafkin Titisee shagunan tsaraba ne a buɗe. Da burodi da man shanu da tuffa yara suka wuni. Salla ma haka aka yi da ita. Mu matafiya ne, mun san ƙasaru, mun san haɗa Azahar da La'asar, ba masallaci muka ce a gina mana ba. Wuri mai tsabta muke so da 'yan mintoci. Mata sun yi salla a filin ajiye motoci, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tsakanin manyan motoci biyu, suna shimfiɗa rigunan sanyinsu.

Sai kuma batun kuɗin da kuka ƙara mana. Da daddare jagora ya ce direba dole ya huta, don haka ranar Lahadi da safe za mu hau motar haya da jirgin ƙasa, kowa ya kawo kuɗin tikiti. Muka bayar. Da safe mai masauki take tambayata ko an raba mana katinmu na Konus. Wannan kati ne da ake ba duk baƙon da ya kwana a garuruwan yankin da ke cikin tsarin, yana hawa bas da ƙananan jiragen ƙasa kyauta, domin an riga an cire kuɗinsa daga harajin baƙi da ake biya a masauki. Ta ce tun daren jiya ta miƙa wa jagoranku duka katunan. Da su ya shigar da mu jirgi. Ga shi kuma da yawanmu muna da tikitin wata na Deutschlandticket a waya, wanda shi ma ya isa. To kuɗin da aka karɓa, na mene ne? Jinkiri da rashin tsari ana iya kiransu sakaci. Wannan cin amana ne.

Hazon da ya rufe Feldberg ba laifinku ba ne. Amma dutse ne mai tsayin mita 1,493, sanyinsa a Oktoba ya fi na Jos a tsakiyar hunturu, kuma layi ɗaya a cikin saƙonku da ya isa ya sa iyaye su ɗauko wa yara huluna da takalma masu kauri. Direbanku mutumin kirki ne, ya yi haƙuri da mu, haka ma mai masaukin. Dajin kansa kuwa ya fi yadda ake faɗa. Ɗan lokacin da na samu bayan sallar asuba na bi wata siririyar hanya a bayan masaukin, cikin dogayen itatuwan da ƙamshin ƙaronsu ke tashi, ƙasa lulluɓe da gansakuka mai laushi, ƙararrawar shanu na kaɗawa daga gangare. Abin da muka biya kuɗi dominsa ke nan, yana nan kusa da mu, kuka hana mu shi.

Na je na nemi shawara a ofishin kare haƙƙin masu saye. Tafiyar da ta haɗa mota da masaukin kwana a farashi ɗaya tana ƙarƙashin sashe na 651a zuwa gaba na kundin dokokin farar hula na Jamus. Idan ba a cika abin da aka yi alkawari ba, matafiyi na da haƙƙin a rage masa kuɗi, muddin ya kai kuka tun ana cikin tafiya, kuma mun kai wa jagoranku a gaban shaidu. Doka ta ba mu shekara biyu mu nemi haƙƙinmu. An kuma tambaye ni takardar inshorar da dole kamfani ya ba matafiyi kafin ya karɓi kuɗinsa, wadda ke kare shi idan kamfani ya karye. Babu wanda kuka ba ita a cikinmu.

Ina neman ku mayar wa kowane fasinja kuɗin tikitin da aka karɓa a daren Asabar, cif-cif, ku kuma mayar da kason da ya dace na Lotharpfad da Gengenbach da abincin da ba mu samu ba. Ku cire kalmar halal daga tallarku har sai kun fara kiran masauki kuna tabbatarwa a rubuce. Hajiya kuma ba ta koma gida ba tukuna, 'yarta tana cikin zauren. Ku da kanku, ba jagora ba, ku kira ta ku ba ta haƙuri da Hausa. Na ba ku kwana 14 daga yau. Idan ban ji daga gare ku ba, ni da sauran fasinjojin da suka sa hannu za mu miƙa takardunmu ga lauya.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin fasinjojinku, daga Offenbach