Wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya yi mini aikin ƙarƙashin gida a Poli, arewacin Kamaru

Assalamu alaikum, Malam Manaja.

Na buga waya har na gaji, sau biyu ina tasowa takanas zuwa ofishinku a Garwa, kullum sai a ce ka fita. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Ka san gidana. A kan ginshiƙai aka ɗora shi, tsakanin ƙasa da daɓe akwai sarari wanda mutum ba ya shiga sai da rarrafe. Bara masu bincike suka ajiye 'yar na'urar awo a ɗakin yara har wata uku, sakamako ya nuna iskar radon ta haura bekerel 300 a kowace mita kubik (bekerel shi ne ma'aunin da ake auna yawanta da shi). Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tsaya a 100, in ya gagara kada a wuce 300. Duk ɗan Poli ya san akwai yuraniyom a duwatsun Kitongo, kuma daga irin wannan ƙasa iskar take tasowa. Ba wari gare ta ba, ba launi, amma in ka cire taba sigari, ita ce kan gaba wajen jawo sankarar huhu.

Abin da muka yi da kai a rubuce yake: a shimfiɗa leda mai kauri a kan ƙasar gaba ɗaya, a manne bakinta da bango da ginshiƙai, a sa bututu a ƙarƙashinta da fanka mai zuƙo iskar ta fitar da ita can saman rufi, sannan a toshe tsagogin daɓe. Na biya lakadan.

Da kaina na kutsa da tocila bayan yaranka sun tafi. Ledar irin ta shanya masara ce, an danne ta da duwatsu kawai, tuni ta yage a wuri uku. Ramukan shan iska da ke jikin tushen ginin kuma sun liƙe su da siminti, wai saboda macizai da ɓeraye, alhali raga ce maganin wannan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bututun. A daidai tagar ɗakin yara ya ƙare! Iskar da aka zuƙo daga ƙasa, ita 'ya'yana huɗu suke shaƙa suna barci. Da aka sake awo, kusan ba abin da ya ragu.

Malam, hunturu ya ƙarato. Da zarar sanyi da ƙura sun sauko kowa zai rufe tagoginsa, a lokacin ne iskar ta fi taruwa a ɗaki. Yanzu haka yaran a rumfar tsakar gida suke kwana, sauro na cizonsu.

Ku dawo ku sa ledar da na biya, ku buɗe ramukan, ku ɗaga bututun sama da rufi, kuɗin sabon awo kuma daga aljihunku. In ba za ku iya ba, ku mayar mini da kuɗina kafin ƙarshen wata in nemi wanda zai iya.

Wassalam,
Wani magidanci a Poli