Ba shan iska ya kawo uwar ɗakina Nijar ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaishe ka kai da ma'aikatanka. Daga Tawa nike rubuto maka, jikana ke buga mini a salula don idona ya yi rauni, in ka ga kuskure ka gyara.

Ranar laraba da ta wuce aka kira ni daga Galmi aka ce uwar ɗakina ta rasu can ƙasarsu Kanada. Baturiya ce, ƴar mishan, malamar asibitin Galmi, ni na tuƙa ta shekara 17 daga 1983 har 2000. Ba zan sa sunanta a jarida ba tunda ban nemi izinin ɗiyanta ba, mu dai Madam muke ce mata. Da marece na je fada na ba da labari, sai wani yaro, yaron da ya yi karatu fa har jami'a, ya ce mini Baba ai waɗannan mutanen shan iska da leƙen asiri ke kawo su, ana biyansu kuɗin waje suna yawon duniya. Ban tanka mishi ba don raina ya ɓaci kuma in na buɗe baki a lokacin zan faɗi abin da bai dace ba. Na san yana karanta jaridarku, to ga amsata.

Ni musulmi ne, a kan haka aka haife ni kuma a kan haka nike roƙon Allah ya ɗauki raina. Madam ba ta taɓa ɓoye mini cewa addininta ya kawo ta ba, ta yi mini wa'azi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har Littafinsu na Hausa ta ba ni, na ce Madam na gode amma ni ina nan inda nike. Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta. Amma wannan matar in muna kan hanya ita ke duba agogo ta ce Malam azahar ta yi, nemi inuwa ka tsaya, ta zauna cikin mota da zafin nan na watan afrilu tana jira in idar. Da azumi ba ta shan ruwa a gabana, ban roƙe ta ba, ita ta ga ya kamata.

Shan iska wai. Bari in faɗa ma yaron nan irin iskar da muka sha. Daga Galmi zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, wannan ma hutu ne tunda kwalta ce. Aikin na cikin daji, ƙauyukan Madawa da Buza da Keita, mu ɗauki akwatin sanyi na allurar rigakafi tun asuba, da damina ƙorama ta cika mota ta kafe, ta tuɓe takalmi ta shiga laka tana turi tare da mutanen ƙauye, mun sha kwana cikin mota sauro na cinmu har gari ya waye. Abin da aka ba ta shi take ci, tuwon hatsi da miyar kuka, fura a ƙwarya da ludayin da kowa ya sha da shi, zawo da masassara kuwa ban san iyakar sau nawa suka kwantar da ita ba. Shekarar yunwar 1984 wadda muke ce ma El Buhari na ga tana auna yara a sikeli tana hawaye tana ci gaba da aunawa. Lokacin sanƙarau na 1995 kwana da kwanaki ba ta ga gadonta ba, marasa lafiya har ƙarƙashin itace.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗiyanta. Lokacin babu lakwal irin tasu kusa, sai Miyango can wajen Jos a Najeriya inda mishan ke da makarantar kwana. Ni na kai su, ƙaramin bai wuce shekara 7 ba, ya riƙe zanen uwar yana kuka aka ɓamɓare hannunshi. Da muka juyo tun daga Jos har muka kusa Zariya ba ta ce uffan ba, fuskarta na wajen taga, ni ma na yi kamar ban gani ba. Ni mai ɗiya ne, na san abin da ke nan. Daga baya aka buɗe lakwal ta ɗiyan mishan a Yamai abin ya yi sauƙi, amma nata sun riga sun girma a hannun wasu. Kuma ranar da mahaifiyarta ta rasu labari bai iso ba sai bayan an yi jana'iza, ni na ɗauko takardar da hannuna ban san abin da ke ciki ba.

Zancen kuɗi kuma. Na ɗauka ni ma da farko gwamnatinsu ke biyansu, ashe ba haka ba ne. Duk bayan ƴan shekaru sukan koma gida wai hutu, to hutun nan yawo ne daga wannan majami'a zuwa waccan, suna nuna hotuna suna ba da labarin aiki, tsofaffi da manoma da malaman lakwal su yi alkawarin ɗan abin da za su riƙa bayarwa duk wata, da shi ake ci da shi ake sayen man mota. Ta ce mini wannan roƙon ya fi mata wuya bisa ga kwana asibiti. In ta dawo kayan da ke cikin akwatinta rabi na asibiti ne da tabarau na tsofaffi.

Ita ta ba ni tarihin ƙungiyarsu SIM a kan hanya, don mai son labari ce. Samari uku suka sauka Legas a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suna son shigowa ƙasar Hausa, kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu da ciwo, Bingham kaɗai ya koma gida shi ma da ƙyar, kuma bai daddara ba. Makarantar Miyango sunan Kent ɗin nan aka sa mata. Nan Nijar Damagaram suka fara zama a 1924, asibitin Galmi kuma 1950 aka buɗe shi, yau wa ke jihar Tawa da bai da ɗan uwan da aka taɓa yi ma aiki can? Har daga Sakkwato zuwa ake. Ga Danja kusa da Maraɗi inda suka riƙe kutare lokacin da mu kanmu ba mu son gaisawa da su hannu da hannu. Ga Tony Rinaudo mutumin Ostareliya da ya zauna Maraɗi yana bin manoma yana ce musu ku bar sare tohon kututture ku yi mishi sassabe ya girma, aka yi ta yi mishi dariya, yau je ka duba gonakin Maraɗi da Damagaram ka ga itace.

Ban ce duk baturen da ya taka ƙasar nan mutumin kirki ne ba, Allah ya kiyaye. Mun san abin da mulkin mallaka ya yi mana, kakana ya yi aikin tilas, wanda duk ya yi zargi yana da dalilinshi kuma hukuma na da haƙƙin ta san wa ya shigo da abin da yake yi. Amma ba a tara kowa a kwando ɗaya. Jeff Woodke, ɗan mishan mutumin Amurka da aka sace a Abalak cikin oktoba 2016 shekara da shekaru yana zaune da makiyaya, sai maris 2023 aka sako shi, sama da shekara 6 a hannun ƴan bindiga, wane kuɗi ne zai biya wannan? Ranar da aka ƙone majami'u a Yamai da Damagaram cikin janairu 2015 Madam ta kira ni, ba ta zagi kowa ba, sunayen mutane take jerowa tana tambaya ko suna lafiya, har da maƙwabtanmu musulmi, wallahi kunya ta hana ni magana.

Bayan ta koma gida mukan yi waya da salla da kirsimeti. Sai ta ce Malam kar ka kashe, bar ni in yi Hausa, nan ba ni da wanda zan yi da shi. Ta tambayi damina, ta tambayi kuɗin buhun albasa, ta ce can sanyi da ƙanƙara kuma kowa ya rufe ƙofarshi babu mai sallama, wai mutanen garinsu kallon baƙuwa suke mata, nan ma har ta tafi anasara yara ke kiranta. Shekarunta na ƙarshe a gidan tsofaffi ta yi su, hankali ya fara gushewa, ɗiyarta ta ce mini wani lokaci ma'aikatan gidan ba su gane abin da take cewa don da Hausa take kiransu.

Malam Edita ina roƙonka ka tura ɗan jaridarka Galmi da Danja da Tsibiri, inda nan ma mishan suka yi aiki, ya zauna da tsofaffin ma'aikata, kuku da masu gadi da ungozomomi da direbobi irina, ya rubuta abin da muka gani da idonmu, mai daɗi da marar daɗi, mun fara ƙarewa. Ni dai ranar asabar in Allah ya kai mu zan shiga motar Galmi in yi ma abokan aikinta ta'aziyya, su za su yi addu'arsu a majami'a ni in jira su a ƙofar gida. Yaron nan na fada in yana so ya zo mu tafi tare, ni zan biya mishi kuɗin mota.

Naka,
Tsohon direba, daga Tawa