'Yata, ki bar yaron nan ya taka ƙasa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Akwai maganar da na haɗiye ranar da na zo, don ban so in yi ta a gaban surukina.

Na tambayi angona ta ina ake bi zuwa makarantarsu. Ya ɗaga kai daga waya ya ce, "Mama ce ta sani." Yaro ɗan shekara tara! Shekara uku kina kai shi kina ɗauko shi, yana kujerar baya, ko kwanar farko bai riƙe ba, ga makarantar ba ta kai tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa ba.

Na san za ki ce titi ba abin yarda ba ne. Gaskiyarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Amma ki tsaya ƙofar makarantar da safe ki gani. Motocin da kike tsoro na iyaye ne irinki, kowa ya ɗauko nasa don gudun motar wani. Haka aka yi a Ingila: a 1971, kashi 80 cikin 100 na yara masu shekara bakwai da takwas suna zuwa makaranta ba rakiyar babba; kafin 1990 ta wuce, saura kashi 9. Mutanen Holan kuwa ba su yarda ba. Da motoci suka kashe yara fiye da 400 a 1971, iyaye suka fito suka tare tituna, har hukuma ta shiga gina hanyoyin keke tana rage gudun mota a unguwanni.

Sai kuma sayayya. Na leƙa ɗakinsa, kayan wasa har ƙarƙashin gado, wasu ko kwalinsu ba a fasa ba, amma yana ta mitar ba shi da abin yi. Duk wasan da ya sani sai an kai shi a mota, an biya kuɗin shiga, babba na tsaye a kansa. To yaushe zai yi rigima da sa'ansa su shirya da kansu? Masu talla kuwa sun san lagon yaro; shi ya sa Suwidin ta hana tallan talabijin da ake nufin 'yan ƙasa da shekara 12 da shi.

Ba cewa na yi ki sake shi gobe ba. Ki taka da shi mako guda, ki bar shi ya ja gaba, shi zai ce muku yanzu a tsallaka. Mako na biyu ki bi shi daga nesa. Ki yi magana da maƙwabta masu yara sa'anninsa su riƙa tafiya a ayari. Zuciyarki za ta yi ta dukan uku-uku ranar farko. Tawa ma ta yi a kanki, na laɓe bayan ƙyaure har kika sha kwana.

In na dawo, shi zai kai ni makarantar, a ƙafa. Ki faɗa masa.

Mahaifiyarki