Amsa ga wanda ya tambaye ni harsashin ƙaramar bindiga

Ɗana, assalamu alaikum.

A taron unguwa na ranar Asabar ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: tsakanin harsashin .22, .25, .32 da .380, wanne ya fi kare mai gida? Da na ce a bar zancen, sai ka ce ashe kakin banza na sa, kuma don ina kwana cikin gari ne ban damu da na ƙauye ba. Maganar kaki na bar ka da waɗanda na koya wa harbi shekara 22. Ta biyun ce ta hana ni barci. Gonar gado muka sayar kafin muka karɓo matar ƙanena daga daji, can bayan Shika.

Ga amsarka. Wutar .22 a gefen gindin kwanso take, shi ya sa ya fi sauran ƙin tashi. John Browning, maƙerin bindigogi ɗan Amurka, ya fito da .25 a 1905 da wuta a tsakiya, amma ƙarfinsa da na .22 kusan ɗaya ne. .32 ya ɗan ɗara su, kuma ba ya dukan hannu. .380 na 1908 shi ne babbansu, faɗinsa milimita 9, sai dai tsawon kwansonsa milimita 17 ne, na ƙaramar bindigar soja kuwa 19. Bayan wata musayar wuta a Miami a 1986, hukumar FBI ta Amurka ta ce harsashi ya nutse aƙalla inci 12 cikin abin gwajinta mai kama da naman jiki, kuma a nan ƙananan sukan gaza. Kisa dai duka suna yi, da .22 aka kashe Robert Kennedy, sanatan Amurka, a 1968. Amma mutum ya mutu bayan awa ɗaya bai hana shi ƙarasa ɓarnar da ta kawo shi ba.

Abin da ka ƙi faɗa wa samarin da suka tafa maka shi ne, dokar makamai ta 1959 ta haramta riƙe fistol, wato ƙaramar bindiga, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kai kujerar kansila kake hange, su kuma kurkuku za su. Masu zuwa da dare AK-47 suke riƙewa, harsashi 30 a ciki, kuma ba mutum ɗaya ke zuwa ba.

Daren da aka ɗauke matar ƙanena mun buga waya tun ƙarfe ɗaya, ba a zo ba sai bayan sallar asuba. Wannan na so a tattauna ranar Asabar, kai ka katse ni.

Tsohon soja,
Tudun Wada, Zariya