Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Mutuwar Gidan Rediyon Garinmu

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka masu sauraron gidan rediyon FM na garin nan mun durƙusa gabanka da kukanmu. Yau kwana 11 ke nan duk wanda ya murɗa akwatinsa zuwa tasharmu ba abin da yake ji sai shuuu.

Ranka ya daɗe, daren da aka yi ruwan nan mai ƙarfi aradu ta faɗa kan turken eriya, ta bi waya har ɗakin na'urori, ta ƙone tiransimita ƙurmus, wato na'urar da ke aika shirye-shirye zuwa akwatunan mutane. A wannan daren ne wani yaro ɗan shekara 6 ya ɓata. Ubansa ya ruga tashar cikin ruwan sama don a yi cigiya, ya tarar da mai gabatar da shiri zaune cikin duhu, makirufo a gabansa, ba halin magana. Uwar yaron ta kwana tana buga ƙofofin mutane. Sai washegari da la'asar Allah ya sa aka gan shi. Da tashar na aiki, minti biyu ya isa gari duka ya ji.

Mun yarda da ƙaddara, Allah ya taimaki Sarki, amma wannan da sakaci a ciki. Kowane turke ana ɗaura masa wayar tagulla mai saukar da wutar aradu zuwa cikin ƙasa. Tamu ɓarayi sun yanke ta tun bara, ba a mayar ba. Injiniyan tashar ya faɗa, mu ma mun faɗa, mun rubuta wa masu kula da gidan, mun sake rubutawa, mun yi ta sintiri har mun daina ƙirga zuwanmu. Kullum amsar ɗaya ce, wai ana dubawa. Haka aka yi mana da aka rage sa'o'in watsa shiri saboda man janareta, haka da iska ta karya turke aka ɗaure eriya ƙasa-ƙasa. Siginar FM miƙe take tafiya, tudu na tare ta, shi ya sa ƙauyukan bayan dutse suka daɗe da rasa mu.

Muna roƙon Sarki ya kira masu kula da gidan su yi bayani a gabansa. A gyara tiransimita, amma kada a kunna ta sai an mayar da wayar nan, in ba haka ba damina ta gaba za ta sake cinye ta. A mayar da eriya tsayinta na da. A sa sola da batura ko don sanarwar gaggawa, a sa mai gadi da dare. Ma'aikatan ma a duba haƙƙinsu, sun yi haƙuri. Kuma don Allah, ranka ya daɗe, wayar nan tukuna.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Masu sauraron gidan rediyon gari.